Gubar dalma a Zamfara: me ya sa yara aka fi binnewa?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Magidanta da samari ne ke shiga ramin zinare, amma a 2010 yara sama da 400 ne suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum. Ta ina gubar ta riske su? Kuma tunda an share ƙauyukan, an rabu da ita ke nan?

Malamin Asibiti: Wa alaikumus salam. Gida aka kai musu ita. Dutsen da ake haƙowa a can zinare da dalma a haɗe suke. Sai a kawo shi tsakar gida, mata su farfasa, a zuba a injin niƙan hatsi, a niƙa shi a bushe. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a tabarma, a kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma hanjinsa ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba. Sai amai da jijjiga, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Wanda ya tsira ma, wani ya makance, wani ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada.

Injiniya_Gusau: Sharar da aka yi a ƙauyukan Dareta da Abare da 'Yargalma, sannan Bagega a 2013, kankare saman ƙasa ne, kamar santimita 5, a binne a rami na musamman, a shimfiɗa sabuwa. Dole a fara da wannan kafin magani. In aka ba yaro DMSA, maganin da ke fitar da dalma daga jiki, ya koma gida mai guba, an yi aikin baban giwa. Dalmar da ke jini kuma sai ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini ake fara ba da shi.

Hajiya Uwar Biyu: Malam Bakatsine, ba a rabu ba. A 2015 ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Buhu ɗaya na dutse a ɗaki ya isa ya ɓata gidan da aka share. A mayar da niƙa bayan gari, a riƙa yi da ruwa, mai aiki ya yi wanka ya tuɓe kayan aikinsa a can. Cewa talaka ya bar haƙa alhali gona ba ta ciyar da shi, ɓoyewa kawai zai sa ya yi, ya koma niƙa a uwar ɗaka.

Injiniya_Gusau: Haka ne, Hajiya. Kada kuma a manta da zaiba da ake ƙonawa wajen ware zinaren. Hayaƙinta guba ce ta daban, wadda kankare ƙasa ba ya hana a shaƙa.