Waye ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda da allurar EPO?

Ɗan Garwa: Salam jama'a. Babanmu wata 8 kenan yana wankin ƙoda, kullum jininsa ƙasa yake yi, a gwajin ƙarshe lambar yawan jinin 7 aka samu, ko alwala yayi sai ya zauna yana haki, tafin hannunsa fari fat. Yanzu likita ya rubuta mana odonans, takardar sayen magani, na wata allura wai EPO. Ni abinda ya ɗaure min kai, ciwo a ƙoda ne, me ya haɗa shi da jini? Wanda ya taɓa amfani da ita don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

'Yar Marwa: Allah ya ba Baba lafiya. Nima haka na tambaya lokacin mijina. Ashe ƙoda ba fitsari kawai take tacewa ba, ita ce ke lura da iskar oksijin a jini, in taga yayi ƙasa sai ta saki wani sinadari, eritropoyetin, wato EPO ɗin, shi ne zai je ɓargo yace a ƙera jajayen ƙwayoyin jini. To ƙodar ta gaza, ɗan aike babu, ɓargo yana zaune lafiyarsa lau amma ba wanda ya tashe shi. Allurar ita ce madadin ɗan aiken. Mu kafin mu gane haka ba irin folere (zoɓo) da hanta da zogale da ban ɗura masa ba, jinin ko gezau, har likita ta min faɗa tace wasu ganyayen ma potasiyom ɗinsu haɗari ne gare shi.

Baban Biyu, Kusuri: Malam kar ka ɗauka yau a yi gobe ya miƙe. Yayata sai da ta kusa wata guda kafin lambar ta fara motsi, kuma farko bata motsa ba sam saboda sinadarin ƙarfe, fer ɗin nan, ya ƙare a jikinta, sai da aka haɗa mata da shi ta jijiya. Kamar ka kira magini ne ba ka kawo bulo ba.

Hajiyar Ngaundere: Ɗana kula da tansiyon, wato hawan jini, shi ne nawa gargaɗin. Ni da kaina nake sha, a fatar ciki ake min. Wata na biyu kaina ya dinga sarawa da asuba kamar ana buga guduma, aka auna ya hau sosai, aka rage min yawan allurar aka ƙara maganin hawan jini. Nace wa likita a kai jinina 13 ko 14 irin na masu lafiya mana, yace a'a Hajiya, tsakanin 10 da 11 da ɗoriya muke tsayawa, in ya wuce jini na iya daskarewa ko a samu shanyewar ɓarin jiki. Da naji haushi wlh, na ɗauka rowar magani yake min.

Ɗan Garwa: To Hajiya ƙodar fa, tana farfaɗowa da ita?

Hajiyar Ngaundere: A'a, kar in yaudare ka. Ƙarfi ya dawo, ina hawa bene, ina cin abinci, amma kreyatinin ɗina, awon da ke nuna aikin ƙodar, yana nan inda yake, wanki ma ban fasa ba. Amfaninta babba an daina ƙara min ledar jini, kuma ance yawan ƙarin jini yana wahalar da wanda ke sa ran dashen ƙoda.

Baban Biyu, Kusuri: Na manta, ajiyarta. Firigo take so, digiri 2 zuwa 8, ba wajen ƙanƙara ba, kuma ba a girgiza ta. Mu a zafin Afrilu wuta ta ɗauke kwana biyu, kwali guda muka zubar, kuɗi masu ciwo. Yanzu daga farmasi a kula mai ƙanƙara nake ɗauko ta a bayan moto, in naɗe ta da tawul kar ta taɓa ƙanƙarar.

Ɗan Garwa: Na gode ƙwarai. Gobe zan tambaya ko sun auna masa fer ɗin, don ban ga shi a takardun ba. Firigon maƙwabcinmu mai sola zan roƙa.