Hasken taswirar nomal yana juyewa a dabarar fuska uku

Salamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina fama da wannan abu, kaina ya ɗaure.

Ina gina kogo a Unity, manhajar haɗa wasannin kwamfuta, kuma siffarsa na canzawa duk lokacin da ɗan wasa ya haƙa rami, don haka ba ni da UV tsayayye, wato tsarin da ke nuna inda kowane yanki na hoto zai zauna a jikin siffar. Da farko na hasko hoton dutsen daga sama kawai. Ƙasa ta yi kyau, amma a bango sai ya miƙe kamar an ja roba. Warware UV a manhajar zana siffofi ta Blender kuwa bai yi amfani ba, haƙa ɗaya ya rushe komai.

Sai na rubuta dabarar fuska uku (triplanar) da yaren shirye-shirye na HLSL, ina ɗaukar hoton ta X, Y da Z ina gauraya su gwargwadon inda saman ya fuskanta. Launi ya zauna daram. Taswirar nomal, wato hoton da ke sa haske ya nuna tudu da rami a saman, ita ce ta ƙi: a bangon da ke kallon ɓangaren X na debewa (-X), tudu na fitowa kamar rami, inuwa tana faɗawa ɓangaren fitila. Na juya tashar launin kore ta taswirar, sai matsalar ta koma bangon Z.

Yaya ake mayar da nomal ukun nan zuwa ma'aunin duniyar wasan kafin a gauraya su, tunda ba ni da tanjent, wato alƙiblar da ke bin jikin saman wadda ake samu daga UV? Na gode.