Shiga ruwan ƙanƙara bayan ɗaga ƙarfe: gyara ne ko ɓarna?

Koci: Assalamu alaikum. Jiya na hana yaran da nake horarwa shiga ruwan ƙanƙara bayan ɗaga ƙarfe, kuma na ga ransu bai so ba. Matsayina shi ne, duk wanda yake ɗaga ƙarfe don tsokarsa ta cika, idan ya mayar da shiga ƙanƙara sabo bayan kowane atisaye, to da hannunsa yake zubar da ribar wahalarsa. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Ɗan gudu: Wa alaikumus salam. Koci, da girmanka, ban yarda ba. Duk ranar da na yi dogon gudu ban shiga ruwan sanyi ba, washegari sai na dafa bango nake sauka daga bene, cinyoyina kamar an yi musu dukan taɓarya. Idan na zauna minti 10 a baho da ƙanƙara kuwa, ina tashi da sauƙi. Kuma Andy Murray ya shafe shekaru yana shiga bayan wasannin tanis ɗinsa. Duk ƙwararrun da ke kewaye da shi ba su san abin da suke yi ba ne?

Mai ƙarfe: Ina bayanka ɗan'uwa. Ai sanyin ne yake wanke laktik asid ɗin da ke taruwa a tsoka, shi ya sa tsamin jiki ke raguwa.

Likitar fisiyo: Mai ƙarfe, a nan sai na tsayar da kai. Laktet, wato laktik asid ɗin da kake nufi, ba ya kwana a tsoka. Cikin kamar awa ɗaya bayan ka gama, ya koma yadda yake, ko ka shiga ruwa ko ba ka shiga ba. Tsamin jikin da muke magana a kansa sai bayan awa 24 zuwa 72 yake kai maƙura. Abin da ya riga ya tafi tun jiya ba zai hana ka tsugunawa jibi ba. Tsamin yana zuwa ne daga 'yan ƙananan raunuka a zaren tsoka da naman da ke naɗe da ita, musamman a motsin da tsoka ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi: sauke ƙarfe a hankali, ko gudu a gangara. Shi ya sa saukowa daga dutse ta fi hawansa tsamama cinya. Tun 1902 wani masani a Amurka, Theodore Hough, ya danganta wannan tsami da yagewa a cikin tsoka.

Mai ƙarfe: To Anti, na karɓi gyara a kan laktik. Amma sauƙin da muke ji fa? Ƙarya jikinmu yake mana?

Likitar fisiyo: A'a, sauƙin gaskiya ne. A 2012 masana na Cochrane, ƙungiyar da ke bitar binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 17, suka ga shiga ruwan sanyi yana rage tsamin jiki idan aka kwatanta da zama haka kawai. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, yana kuma dusashe saƙon ciwo. Ɗan gudu bai faɗi abin da ba haka ba.

Ɗan gudu: Ka ji ko, Koci?

Koci: Na ji, kuma ban taɓa cewa ba ya rage ciwo ba. Ku dubi abin da na faɗa da kyau. A 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a Kwinsland ta Ostireliya, su Llion Roberts da Jonathan Peake. Maza 21 suka yi makonni 12 suna atisayen ƙarfafa ƙafa sau biyu a mako. Bayan kowane atisaye, kashi ɗaya su zauna minti 10 a ruwa mai sanyin digiri 10 a ma'aunin Salsiyas, ɗaya kashin su taka keken motsa jiki a hankali na minti 10. Wahala iri ɗaya suka sha. Da aka auna a ƙarshe, masu keke sun fi masu ƙanƙara ƙaruwar tsoka da ƙarfi. Ba su tsaya nan ba, sun ɗebi ɗan naman cinyar wasu bayan atisaye suka duba, suka tarar sanyin ya rage kuzarin ƙwayoyin da ke gyara tsoka da ƙara mata kauri, har zuwa kwana biyu. Ni abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Yaro ya zo ya tsuguna da ƙarfe a kafaɗa har ƙafarsa na rawa, duk don ya aika wa jikinsa saƙon "ka gina", sannan ya faɗa baho ya rage ƙarfin saƙon.

Mai ƙarfe: Mutum 21 kacal? A kan wannan za mu bar abin da manyan 'yan wasa ke yi?

Koci: Tambayarka tana kan hanya, adadin kaɗan ne. Amma ba shi kaɗai ba ne. Tun 2006 wani bincike a Japan ya nuna alamar haka, kuma waɗanda suka biyo baya sun fi karkata can game da girman tsoka. A kan ƙarfi ne sakamakon ya ɗan rarrabu. Batun manyan 'yan wasa kuwa, buƙatarka da tasu ba ɗaya ba ce. Ɗan tanis a babbar gasa yana iya buga wasan awa huɗu yau, jibi ya sake fita. Ba gina tsoka ce a gabansa a makon ba, so yake ƙafa ta ɗauke shi. Kai da kake zuwa jim sau huɗu a mako don ƙirjinka ya buɗe, wace gasa ce ke jiranka jibi?

Ɗan gudu: To ni fa? Ba tsoka nake nema ba, numfashi da juriya nake nema.

Likitar fisiyo: Kai lamarinka ya fi sauƙi. Binciken da aka yi a kan masu juriya, irin 'yan tseren keke, bai nuna sanyin yana tauye ci gabansu yadda yake yi wa masu ƙarfe ba. Idan yana maka daɗi bayan dogon gudu, ci gaba. Sai dai ranar da ka yi atisayen ƙarfi, ka bar bahon.

Amma akwai wani abu da nake so ku duka ku ji, har da Koci. A 2014 an yi gwaji a Melbon. Wasu suka shiga ruwan sanyi, wasu ruwa mai ɗumin jiki, wasu kuma ruwa mai ɗumin jikin da aka zuba masa sabulun wanka na ruwa, aka ce musu wani sinadari ne mai saurin dawo da ƙarfi. Masu sabulun sun farfaɗo daidai da masu ƙanƙara, kuma dukkansu sun fi masu ruwa zalla. Wato yarda da abu tana da nata kason a sauƙin da muke ji.

Ɗan gudu: Anti, wannan ta yi mini nauyi. Kina nufin shekarun da na yi ina karkarwa a baho duk a zuciyata ne?

Likitar fisiyo: Ban ce duka ba, ƙanena. Sanyi yana aiki a jiki, ana iya aunawa. Na ce wani ɓangare. Kuma sauƙin da yarda ta kawo ma sauƙi ne, da shi za ka fita gudu gobe.

Sabon shiga: Ku yi haƙuri na katse ku, wata biyu ke nan da na fara. An koya mana cewa duk ciwo a sa masa ƙanƙara. Shi ma an daina?

Koci: Wannan wani batu ne, na targaɗe da buguwa, amma suna da alaƙa. Dakta Gabe Mirkin ne ya yaɗa ƙa'idar hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga gaɓa a 1978. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa, domin kumburin farko yana cikin aikin gyara. Har yanzu ana sa ƙanƙara na ɗan lokaci don rage zafi. Idan gaɓa ta kumbura sosai ko ba ta takuwa, wurin likita za ka.

Mai ƙarfe: Koci, a nan na kama ka. Kai kana cewa sanyi yana kashe kumburin da ke gina tsoka. Amma su Peake ɗin da ka ambata sun sake fitar da sakamako a 2017 cewa ruwan sanyi bai fi taka keke rage kumburin cikin tsoka ba. To ta ina yake hana ginin?

Koci: Ka yi gaskiya, kuma na gode da ka kawo. Bayanin kumburi shi kaɗai bai isa ba. Abin da ya fi ƙarfi yanzu shi ne sanyi yana rage jinin da ke shiga tsoka, kuma tsokar da ta yi sanyi tana rage saurin haɗa furotin. An auna hakan a Holan, aka ga ƙafar da aka tsoma a ruwan sanyi ta yi amfani da furotin ɗin da aka sha ƙasa da ɗaya ƙafar. Dalilin na iya gyaruwa, amma abin da aka auna a cinya yana nan.

Likitar fisiyo: Kafin wani ya je ya cika baho: mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai sikila, kada su shiga. Sanyi yana tayar da ciwon sikila. Faɗawa ruwa mai tsananin sanyi farat ɗaya yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, bugun zuciya ya tashi. A shiga a hankali, kai a waje, minti 10 zuwa 15, kuma da wani a kusa. Inda ba a jayayya shi ne ɗan wasan da zafi ya buge har ya ruɗe ko ya faɗi a fili. Shi tsoma shi a ruwan sanyi nan take ceton rai ne.

Mai ƙarfe: Ni dai ban gama sallamawa ba. Amma zan gwada: makonni 12 babu baho bayan ƙarfe, minti 10 a keke, in auna cinya da tef yau, in sake aunawa a ƙarshe.

Koci: Ka rubuta nauyin da kake ɗagawa da awannin barcinka ma, in ba haka ba tef ɗin ba zai gaya mana komai ba. Ka auna da safe kafin atisaye, wuri ɗaya a cinya, ka sa alama.

Ɗan gudu: Ni ranar Asabar ina da kilomita 30. Bahona yana nan.