Kalmar "franchise" a wasan kurket: gurbi za mu ce, ko rumfa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu kunnen Hausa a kan wata kalma da ta tsaya mini a rai tun watan Yunin 2025. Ni ke fassara labaran wasanni a wani gidan rediyo. Labari ya zo cewa Nicholas Pooran, mutumin Trinidad, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin West Indies, wato tawagar haɗin gwiwar ƙasashen Karebiyan, ya daina buga musu kurket (wasan da ake jefa ƙwallo ana dukanta da katako) yana ɗan shekara 29. Ba rauni ya ji ba, ba kuma ƙarfinsa ne ya ƙare ba, zai ci gaba da buga abin da Turawa ke kira franchise cricket ne kawai. Na rubuta "zai ci gaba da buga wa ƙungiyoyi wasa", aka karanta, aka wuce. Amma har yau raina bai kwanta ba, domin wanda ya ji zai ɗauka irin su Kano Pillars ko Barcelona ake nufi, alhali ba su ba ne.

Bari in faɗi yadda abin yake, don masu kawo shawara su san girman rigar da za su ɗinka.

A shekarar 2008 hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ta fara gasar IPL. Ba ta tara ƙungiyoyin da ke akwai ba. Ta ware birane takwas, ta ce wanda ya fi tayi shi zai mallaki ƙungiyar kowane birni. Kamfanin Reliance na Mukesh Ambani ya biya kusan dala miliyan 112 ya ɗauki Mumbai. Shah Rukh Khan, wanda babu mai buƙatar a gabatar masa da shi a ƙasar Hausa, ya ɗauki Kolkata shi da abokan haɗinsa. A ranar da aka yi wannan ciniki babu ɗan wasa ko ɗaya, babu magoya baya, babu tarihi. Izini kawai aka saya. Daga baya aka raɗa suna, aka zaɓi launin riga, aka je aka yi tayin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Wasan kuwa gajere ne, T20, kowane ɓangare jifa 120, cikin kamar awa uku an tashi, saɓanin tsohon wasan da ake kwana biyar ana bugawa. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ba ta faɗawa rukunin ƙasa, babu kuma wata ta ƙauye da za ta yi ta cin wasa har ta hauro. Ƙofa ɗaya ce, ta kuɗi. Da aka ƙara ƙungiyoyi biyu a 2021, ta Lucknow kaɗai an saye ta a kan sama da dala miliyan 900.

To, wannan izinin da ake saya, da ƙungiyar da ake ginawa a kansa, me za mu kira su?

Na ga amsoshi sun fara shigowa, na gode. Masu cewa a bar ta "faranchayis" kamar yadda muka bar kwamfuta da intanet, na fahimce ku, amma na gwada ta a bakina sau da yawa. A rediyo za ta fita kamar ana maganar Faransa ko Faransanci. Kwamfuta kuma abu ne da ake gani a taɓa, ko ba a fassara ba ido zai fassara. Wannan tsari ne, sai kalmar ta yi bayani da kanta.

"Ƙungiyar 'yan kasuwa" ba za ta yiwu ba, kowa zai tuna da shugabannin Kantin Kwari. "Ƙungiyar jari" ta fi, sai dai Manchester City ma jari aka zuba mata, kuma ita ta yi sama da shekara ɗari da kafuwa kafin masu ita su saye ta.

Hajiya, ke da kika kawo "dillanci", kika ba da misalin gidan mai da ke ɗauke da sunan babban kamfani alhali na wani Alhaji ne, kin taɓo asalin kalmar a harkar kasuwanci, kuma a can ina tare da ke. Inda ta goce a kurket shi ne nan: mai gidan mai suna yake ara, ya sayar da kayan kamfani. A IPL mai saye ne ke zuwa da sunansa da kayansa. Abin da hukuma ta ba shi wuri ne da ranar ciniki.

Malam, shawararka ta "sayen gurbi" ta tsayar da ni sosai, har na kusa rufe zancen a kanta. Masu sauraron labarin ƙwallo sun saba da "ta samu gurbi a gasar cin kofin duniya", sun san gurbi abu ne da ake samu da gumi. Idan ka ce "ƙungiya mai sayen gurbi", nan take kunne ya ji bambancin: wannan da kuɗi ta shiga, ba da cin wasa ba. Na rubuta ta a takarda, zan kuma dawo kanta. Abin da ya hana ni tsayawa a nan biyu ne. Tana da tsawo, kuma ba ta haihuwa. Yaya za a ce da mai ita? "Mai ƙungiya mai sayen gurbi"? Kafin mai karanta labarai ya gama, numfashinsa ya ƙare. Sannan akwai gasar Big Bash ta Ostireliya, wadda da aka kafa ta a 2011 ba a sayar wa 'yan kasuwa ƙungiyoyinta ba, hukumomin wasan ne suka riƙe abinsu, amma duk da haka ana lissafa ta cikin irin waɗannan gasanni. Can ba a sayi gurbi ba, sai kalmar ta bar su a waje.

Jiya bayan isha'i wani dattijo, tsohon ɗan koli, ya aiko da saƙon murya. Ya ce shi bai taɓa kallon kurket ba, amma abin da na bayyana ai rumfa ce. Baba, Allah ya ƙara girma, na kwana ina juya maganarku, kuma duk ta inda na juya ta sai ta zauna daidai.

Kasuwa ta hukuma ce, rumfa ta mai rumfa. Shi ya biya, shi ke rubuta sunansa a allo, shi ke zuba kaya, ya ɗauki yaran da yake so. Amma ba shi ke sa ranar da kasuwa za ta ci ba, ba shi ke yanke dokar awo ba, kuma idan ya saɓa ƙa'ida za a iya garƙame rumfar ko a ba wani. Duk wannan ya faru a IPL. A 2011 hukuma ta soke ta Kochi. A 2012 ta soke Deccan Chargers ta birnin Hyderabad, waɗanda suka ci kofin 2009, ta sayar da wurin Hyderabad ga kamfanin Sun TV, aka samu Sunrisers. Chennai Super Kings da Rajasthan Royals an rufe su shekara biyu, 2016 da 2017, saboda badaƙalar caca, aka kawo wasu suka riƙe kasuwar kafin su dawo. Sannan rumfa ba ta da rai sai a cikin kasuwa. Pillars tana iya buga gasar gida, ta buga ta Afirka, ta buga wasan sada zumunta. Mumbai Indians idan IPL ta tashi a ƙarshen Mayu, an ja ƙyaure ke nan sai baɗi.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda sauran kalmomin duk suka kasa ɗauka: attajiri ɗaya yana iya mallakar rumfa a kasuwanni da yawa. Masu Mumbai suna da MI Cape Town a Afirka ta Kudu, da MI Emirates a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da MI New York a Amurka, a 2025 kuma suka sayi kashi 49 cikin 100 na Oval Invincibles a Landan. Masu Kolkata suna da Knight Riders a Trinidad da Abu Dhabi da Los Angeles. Gasar SA20 da Afirka ta Kudu ta buɗe a Janairun 2023 ƙungiyoyi shida gare ta, kuma duka shidan na masu IPL ne. Ka ce "kulob ɗaya a ƙasashe huɗu", Bahaushe zai yi mamaki. Ka ce "Alhaji yana da rumfa a kasuwa huɗu", babu abin da ya rage a yi bayani.

Kasuwannin ma kowace da lokacinta, kamar yadda Maigatari ke ci ran Alhamis, Wudil ran Juma'a. Afirka ta Kudu a Janairu, Indiya daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, Amurka wajen Yuni da Yuli, Ingila a Agusta, Karebiyan daga Agusta zuwa Satumba. Ɗan wasa zai iya zagaye shekara bai sa rigar ƙasarsa ba.

Ƙanena, ka ce rumfa ta yi ƙanƙanta, wai abin kara da buhu ba zai ɗauki gasar da aka sayar da haƙƙin nuna ta na shekara biyar, 2023 zuwa 2027, a kan sama da dala biliyan 6 ba. Ban raina wannan ƙorafin ba. Amma ka shiga Kwari ka tambayi kuɗin rumfa guda a layi mai kyau. Girman rumfa na kasuwarta ne. Na kuma yarda da kai cewa a farko za ta yi baƙunta a labarin wasanni, za a ma iya tunanin rumfar 'yan kallo. Shi ya sa ba zan jefar da ta Malam ba. Ita za ta riƙa raka ta a jimlar farko har kunne ya saba.

Sai batun 'yan wasan, wanda a gaskiya shi ya sa na damu da kalmar tun farko. Mutane uku sun ce a kira irin su Pooran "sojojin haya". Wannan ba zan sa ta a bakin mai karanta labarai ba. Hukunci ce, ba suna ba, kuma hukuncin bai yi adalci ba. Mohammed Siraj ɗan direban a-daidaita-sahu ne a Hyderabad, a 2017 aka yi tayinsa a IPL a kan rupi miliyan 26 na kuɗin Indiya, daga nan hanyarsa ta buɗe har ya zama jigo a tawagar Indiya. A 2017 ɗin dai Rashid Khan na Afghanistan ya shiga IPL, ya goge da manyan duniya, a 2024 kuma ya ja ƙasarsa har wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta T20. Mata ma sun samu tasu kasuwar a Indiya a 2023, inda aka ɗauki Smriti Mandhana a kan rupi miliyan 34. Wanda ƙarfinsa na shekara goma ne ko goma sha biyar, ka ce kada ya je inda ake biya, ba ka yi masa adalci ba.

Kalmar da nake ganin ta dace ita ce ci-rani. Mun san ta ciki da waje. Ɗan ci-rani ba ɗan iska ba ne, ba maci amana ba, mutum ne da ya bar gida lokacin da gona ba ta da aiki, ya je nema, ya dawo da damina. Haka aka faro a kurket: wata biyu a Indiya, sauran shekara a gida. Kuma cikin kalmar akwai ciwon da ke cikin labarin, domin duk ƙauyen da ya san ci-rani ya san shekarar da samari suka daina dawowa shuka. A 2022 Trent Boult ya nemi hukumar New Zealand ta sake shi daga kwantiraginsa, ta sake shi. Heinrich Klaasen ya daina buga wa Afirka ta Kudu wasa yana da shekara 33, kwanaki kaɗan kafin Pooran. West Indies, da suka ci kofin duniya na 1975 da na 1979, ba su ma samu zuwa na 2023 ba, ko da yake matsalarsu ta girmi wannan tsari.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Fabrairun 2024. Afirka ta Kudu tana da wasannin kwana biyar guda biyu a New Zealand, sai suka yi karo da SA20. Hukumar ƙasar da kanta ta tsayar da manyan 'yan wasanta a gida su ci kasuwa, ta tura yara, kyaftin ɗinsu Neil Brand bai taɓa buga wa ƙasa ba sai ranar. Aka cinye su duka biyun. Nan ba ɗan ci-rani ne ya ƙi dawowa ba, mai gonar ne ya ce a bar gonar, domin da kuɗin kasuwar yake ciyar da gidan. Na ji haushin abin, amma dole in faɗi cewa a Yunin 2025 Afirka ta Kudun ta doke Ostireliya a filin Lord's ta zama zakaran duniya a wasan kwana biyar. Indiya kuwa ta yi wa kanta katanga: ba ta barin mazan da ke buga mata su je rumfar wata ƙasa, kowa ke zuwa tata kasuwar, nata ba sa zuwa ta kowa.

Maganar "gwanjo" ga ranar tayin 'yan wasa, na yarda da masu cewa yanzu kunne ya fi kai ta ga tsofaffin kaya. Mutumin da aka taya rupi miliyan 270, kamar Rishabh Pant a Jidda a Nuwamban 2024, ba za a ce an yi gwanjonsa ba. "Ranar tayi" ta isa.

Ga abin da zan kai wa shugaban sashenmu ranar Litinin. Ƙungiyar ita ce rumfa, mai ita mai rumfa, gasar kuma gasar rumfuna, tsarin gaba ɗaya kurket na rumfa. Labarin da na fassara a gurguje wancan karon, da yau ne haka zan rubuta shi:

"Nicholas Pooran ya daina buga wa West Indies wasa yana ɗan shekara 29. Zai ci gaba da ci-rani a gasannin rumfuna, wato gasannin da attajirai ke sayen gurbi su kafa ƙungiya, inda yake buga wa rumfar Lucknow a Indiya da ta New York a Amurka."

Baba, idan jikanku ya karanta muku wannan, ku gaya mini ko ta shiga kunne.