Kuɗin tallafin dashen itatuwa: asara ne ko ba asara ba ne?

Ɗan Bichi: Salamu alaikum jama'a. Ni dai zan faɗa ko za a ce na cika baki, kuɗin da ƙungiyoyin agaji suke zubawa da sunan yaƙi da hamada asara ce kawai, gara a kwashe su a gina wa talaka gida mai sauƙin kuɗi. Wata ƙungiya ta taɓa zuwa ƙauyenmu da motoci da riguna da huluna, aka kafa rumfa aka dasa darbejiya layi-layi aka yi hoto aka raba lemo, kafin bazara ta ƙare awaki sun cinye rabi rana ta ƙone sauran, yanzu allon ne kaɗai a tsaye shi ma ƙafa ɗaya ta rage masa.

Maman Amira: Wa'alaikumus salam. Ai allon shi ne aikin, shi ake turawa masu kuɗin 😂

Malamin Gona: Ɗan Bichi ka yi gaskiya a rabi. Dubi Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal har Jibuti, kusan kilomita 8,000, burin a farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce kashi 4 cikin 100 kacal aka cimma. A 2021 aka zauna a Faris aka yi alƙawarin sama da dala biliyan 14, amma alƙawari daban kuɗi a hannu daban, kuma ba duka ne kyauta ba akwai bashi a ciki. Ko ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa ɗin nan na jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 ɗin rancen Bankin Duniya ne, mutane su daina ce masa sadaka.

Ɗan Bichi: To ka gani! Ka ƙara mini ƙarfi ma.

Kawu na Maradi: Ɗana, sannu dai, kada ka yi saurin murna. Ka taɓa zuwa wajen Agiye ko Tasawa a jihar Maradi ta Nijar? Lokacin da nike yaro in ka tsaya bakin gona sai ka hango garin gaba, babu icce ko ɗaya, iska ta taso ta binne hatsi sai ka sake shibka sau biyu sau ukku. Yanzu gawo da kalgo da sabara ne cikin gonaki ko'ina. Kuma ba dasa su aka yi ba. Kututturan da muke sassabewa duk shekara, ashe saiwarsu na nan da rai a ƙasa, sai ka zaɓi tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka tsare su. Sassabin zamani muke ce mishi. Da wuƙa ko gatari ake yi, babu ban ruwa babu leda.

Ɗan Bichi: Kawu ai maganata kenan, manoma suka yi da hannunsu ba kuɗin Turawa ba.

Kawu na Maradi: A'a. Wanda ya tayar da abin a 1983 Tony Rinaudo ne, mutumin Ostareliya da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maradi, kuma shi ma ya yi shekaru yana dashe suna mutuwa kamar na garinku kafin ya lura da kututturan. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa abin da rabon abinci, ka bar icce a gonarka a ba ka hatsi. Wannan ba kuɗin agaji ba ne?

Maman Amira: Amma Kawu na ji an ce da aka daina ba da abincin mutane suka bi suka sare.

Kawu na Maradi: Da yawa sun sare, ba zan ɓoye ba, har dariya ake yi wa mai barin icce a gona ana ce mishi malalaci. Amma waɗanda suka bari sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga iccen girki, ga 'ya'yan gawo na dabbobi, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Shi gawo kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana kuma ganyen taki ne.

Malamin Gona: Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya a kudancin Nijar, itatuwa kusan miliyan 200. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Da can itace na gwamnati ne ko da a gonarka yake, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, to wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da hannun gwamnati ya yi sako-sako, daga baya dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa manomi iko, sannan mutane suka saki jiki. A garinku Ɗan Bichi darbejiyar nan ta wa ce bayan an tashi taro?

Ɗan Bichi: Wallahi ba ta kowa ba ce, a filin makaranta aka dasa ana dab da hutu.

Malamin Gona: To. Kuma dashe ma ya taɓa yin nasara, a kwarin Majiya ta jihar Tawa a Nijar ƙungiyar agaji ta CARE ta fara layukan darbejiya na tare iska tun 1975, sun kama saboda an sa masu tsaro an hana dabbobi.

Anti Injiniya: Bari in shigo ta wajen gidajen tunda aikina ne. Ɗan Bichi kana magana kamar in an juya kuɗin zuwa gini shikenan an huta. Gidajen da ake ce wa masu sauƙi nawa ne talaka ya shiga? A kai su bayan gari babu ruwa babu hanya, fom ɗin ma sai mai albashi, ƙarshe mai kuɗi ya saya ya sa haya. Kuma filin gonar wani ce. Dokar filaye ta Nijeriya ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, in aka karɓe gonarka diyyar abin da ke kai ake biya ba ta ƙasar ba, manomin da ba shi da takarda sai dai ya kai ƙara wajen Allah.

Maman Amira: Anti wannan gaskiya ne, gonar kakanmu yanzu rukunin gidaje ce kuma ko ɗaya a danginmu bai samu ɗaki ba.

Anti Injiniya: Ni in da ni ke rabon tallafin, magina zan koya wa gini marar azara. A Nijar tun shekarun 1980 ake koyar da shi, tubalin ƙasa ne har rufin, a lanƙwasa shi kamar kubba irin na Nubiya, ba a sare giginya ba a sayi kwano ba, ga sanyi da bazara. Matsalarsa yaɓe, in ka yi sakaci damina biyu za ka ji a jikinka.

Ɗan Bichi: Anti wa zai ba ni 'yarsa in kai ta gidan ƙasa a zamanin nan? Ku bari mana. Ni dai ban sauka ba, wokshop da alawus da Hilux sun fi itatuwan cin kuɗi.

Kawu na Maradi: Wannan kam ban musa maka ba. Amma gonar babanka akwai sabara?

Ɗan Bichi: Cike take, duk shekara sai mun biya yara sun sassabe mun ƙone.

Kawu na Maradi: Bana ka hana su taɓa kusurwa ɗaya. In ka je ka ɗauko mini hoton kututturen in nuna maka waɗanda za ka bari.