Zauren ƙungiyarmu ya zauna haka nan: yaya zan jawo masu sana'a su koyar, a kuma yi kiɗa ba rigima?

Ɗan Gwale

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema.

Ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kano tana da wani babban zaure da tsakar gida. Da can ajin yaƙi da jahilci ne, yanzu kuwa ban da taron wata-wata ba a yin komai a ciki. Dattawa sun ɗora mini nauyin raya shi, don ni malamin zane ne a sakandare, su kuma a wurinsu duk abin da ya shafi fasaha nawa ne.

Abu uku na kai musu. Asabar da safe a riƙa koya wa yara da matasa sana'ar hannu. Sau ɗaya a wata a gayyato wani mai sana'a ko mai zane a yi hira da shi a gaban jama'a. Bayan salla kuma, ko ƙarshen zango, a yi ɗan kiɗan gargajiya. Na ce musu ba baƙon abu ba ne a garin nan, don makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ma tana da sashen koyon sana'a. Sun amince da na farko da na biyu, na ukun ne aka yi ta gyaran murya.

To ga inda na maƙale. Na je wurin wani tsohon baduku a gefen kasuwar Kurmi. Ya saurare ni tsaf, basilla a hannunsa, bai ɗago ba sai da na gama. Tambayarsa ɗaya: "Yaran nan 'ya'yan wa ne?" Na ce 'ya'yan unguwa ne. Ya ce shi sai da ya shekara da shekaru yana shara da miƙa wa mahaifinsa kaya kafin a bar shi ya yanka fata, me zai koya wa ɗan wani cikin awa biyu? Ya yi mini addu'a, na tashi.

Ita ma hirar ina tsoronta. Mun taɓa kawo wani dattijo mai ɗinkin hula makarantarmu, aka miƙa masa lasifika, ya gai da shugaban makaranta, ya gai da malamai, ya ce sana'a tana da kyau a riƙe ta, ya zauna. Shi ke nan fa. Mutumin da in ka zauna a rumfarsa sai ya ba ka tarihin zanna bukar da damanga har magariba ta yi.

Wanda ya taɓa shirya irin wannan ya taimaka mini. Nawa ake ba mai koyarwa? Da wace sana'a ake farawa? Kiɗan kuma, katangarmu ɗaya da islamiyya.

Jikan Marina

Wa alaikumus salam Malam. Ni a gidan rini na tashi, kodayake yanzu aikin ofis nake yi, don haka bari in ce wani abu a kan tsohon nan.

Ba ƙin ka ya yi ba. Abin da ka tambaye shi ne bai dace da yadda ya san sana'a ba. Ka ce ya zo ya koyar da dukanci, shi kuma a kansa dukanci abu ne na shekara goma. Da ka ce masa, "Baba, so nake yara goma su ɗinke gidan laya ko 'yar jakar kuɗi, kai za ka yanko fatar ka huda, su ɗinki kawai za su yi, ni zan sayi fatar a hannunka," da wata amsar ka ji. Ka yanko masa abu ɗaya ƙarami wanda za a gama a zama biyu ko uku. Kuma ka sa cinikinsa a ciki, don safiyar da ya bar rumfa asara ce a gare shi. Kada ka tambaye shi nawa za a biya shi, ba zai faɗa ba, sai ya ce duk abin da ya sauƙaƙa. Ka bincika a gefe abin da yake samu a rabin yini, ka ɗora wani abu a kai, ka sa a ambulan, ka biya kuɗin adaidaita zuwa da komawa.

Rini kuwa, kada ka yi gigin haɗa shi a zaurenku. Rijiyar karofi ta fi tsayin mutum zurfi nesa ba kusa ba, an shafe cikinta da laso. Ana zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar shi ya kwana ya kwana, ana motsawa da muciya har kumfa ta taso ta yi shuɗi, sannan marini ya san ya nuna. Wannan ba aikin Asabar ɗaya ba ne. Abin da yara za su iya shi ne ɗauri, wanda dama mata ne ke yinsa a cikin gida su aiko karofi. Ka samo mata biyu masu ɗauri, ka sayi farin yadi a yayyanka kamar girman ɗankwali, kowane yaro ya ɗaure nasa da zare. Asabar ta biyu ka kwashe su zuwa Ƙofar Mata, inda allon bakin ƙofa ya ce tun 1498 ake rini, su tsaya a bakin rijiya a tsoma nasu. Ka lura da fuskarsu lokacin da aka ɗago yadin: kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi suna kallo. Daga nan a leƙa wurin masu bugu su ga yadda ake dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi. Ka fara yin magana da shugabannin wurin tukuna, kada ku faɗo musu kwatsam da yara ashirin.

Hajiyar Damagaram

Sannu da ƙoƙari ɗana. Mu nan Nijar mun daɗe da irin wannan. In ka taɓa zuwa Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, masu sana'a a cikinsa suke zaune suna aiki, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, mai ziyara ya tsaya ya kalla ya saya. Haka ma ƙauyen masu sana'a na Wadata. Ba wanda ya ce su yi jawabi, amma in ka tsuguna ka yi tambaya sai ka gaji da ji.

Saboda haka ka raba tsohon badukun da lasifika da kujerar manyan baƙi. Ka shimfiɗa masa tabarma a tsakiya, ya zo da kayan aikinsa, kai ka zauna gefensa kana tambaya kamar wanda bai san komai ba. "Baba, wannan jan da me aka rina shi?" Zai ce karan dafi. "Baƙin fa?" Kuloko. "Me ya sa fatar jar akuya ta fi?" Daga nan ba ka iya tsai da shi, zai kai ka har majema da bagaruwa. Ni na yi shekaru ina kai 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, wurin masu sana'a, ban taɓa ganin wanda ya yi shiru ba muddin hannunsa na kan aiki.

Ku ma kuna da misali a aljihunku. Matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. An kai ta Ingila da Amurka, abin da take yi a gaban jama'a shi ne ta gina tukunya da hannu tana zagaya ta. Har jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Kada kuma ka ce kyauta ne. Ko kaɗan ne a karɓi kuɗin kayan aiki, uwar da ta biya ita za ta taso yaron da safe.

Abokin Kiɗa

Malam, ni na ukun zan taɓa, don shi ne zai iya rushe maka na farko da na biyu in ka yi gaggawa.

Kar ka fara da shi. Bari unguwa ta ga yara suna komawa gida da abin da suka yi da hannunsu wata biyu ko uku tukuna. Ranar da za a baje kolin kayan, sai kiɗan ya shigo a matsayin rakiya, ba shi ne taron ba. Ka je wurin mai unguwa da liman da malamin islamiyyar da ƙafarka, ba da takarda ba. Ka zaɓi ranar da ba karatu, Alhamis ko Juma'a, bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. Ka kuma tambayi hukumar tace fina-finai ta jiha ko taronku yana buƙatar izini, don harkar mawaƙa a ƙarƙashinta take.

Mai gurmi ɗaya ko mai garaya ya ishe ka, ba sai an tara banga da manyan sifiku ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi kaɗai yake cika fili. Ka faɗa wa makaɗin tun farko ba habaici, ba zambo, ba waƙar 'yan siyasa, kuma ka yanke masa kuɗinsa a dunƙule. In ka bar shi da liƙi kawai, dole ya koma wasa masu kuɗin da ke wurin, sanƙira ya ƙwace taron, yara su zama 'yan kallo. Tsakanin waƙa da waƙa ka sa ya nuna musu kayan kiɗan: ƙwaryar, fatar da aka rufe ta da ita, tsirkiya, yadda ake ɗaure ta. Yawancinsu a waya kawai suka taɓa jin sautin.

Mata kuma a ba su ranarsu daban, kiɗan ƙwarya, su kaɗai, a rufe ƙofa.

Ɗan Gwale

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jikan Marina, na koma wurin tsohon da maganar gidan laya. Bai ce e ba, amma ya tambaye ni yara nawa ne, ya ce kada su wuce takwas, kuma shi ba zai zo ba, babban ɗansa zai turo, shi sai ranar ƙarshe ya zo ya duba ɗinkin. Na karɓa hannu biyu. Hajiya, mun tsayar da naira 1,000 kowane yaro, marayu ƙungiya ta biya musu. Kiɗa mun ɗaga sai bayan babbar salla, liman ya ce in dai da rana ne zai turo wakili ya gani.

Saura masu ɗauri. Matar da na samu ta yarda ta koyar, amma ta ce a cikin gidanta, ba za ta fito zaure ba, kuma 'yan mata kawai. Samarin fa?

Jikan Marina

Ka bar ta a gidanta da 'yan matan, ya fi mata sauƙi. A karofi akwai samari da suka iya ɗauri, ka ɗauki ɗaya ya zo zaure. Ka sayo zare mai ƙarfi, na ɗinkin hula tsinkewa yake in an ja.