MBA na ƙarshen mako ko MPhil? Ku ba ni shawara kafin a rufe fom

'Yar Asawase: Assalamu alaikum. Na gama digiri a fannin tallata haja, na yi sabis, wato hidimar ƙasa, yanzu shekara ɗaya ke nan ina riƙe da littafin shagon tayil na Baaba. Daga Sin muke ɗauko kaya, su sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Ina son digiri na biyu da ya karkata ga kasuwancin ƙasa da ƙasa, amma ba zan bar Kumasi ba, kuma Litinin zuwa Juma'a na shago ne. In cike MBA na ƙarshen mako a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, ko MPhil? Koyarwa ma tana raina nan gaba.

Ɗan Landan: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, Ingila za ki. Shekara ɗaya an gama. Jami'a ta ba ki takardar CAS, shaidar ta karɓe ki da ake neman biza da ita, ki yi gwajin tarin fuka a Ankara (Accra), ki nuna ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama na wata 9, fam 1,023 kowane wata in ba Landan ba ce. Kuɗin su kwana 28 a jere a asusu. Ko rana ɗaya suka yi ƙasa da adadin, lissafi ya koma farko, nan mutane da yawa ke faɗuwa.

Hajiya Mamobi: Tsohon farashi ne wannan. A Janairun 2025 ya koma 1,136, wato fam 10,224 a wata 9, kuma bai tsaya nan ba. Ka kuma manta fam 776 na inshorar lafiya a shekara. Mai aure ta sani, tun Janairun 2024 ɗalibin masta na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike.

Ɗan Landan: To Jamus. Yawancin jami'o'in gwamnati babu kuɗin makaranta, sai yuro 11,208 a rufaffen asusu.

Hajiya Mamobi: 11,904, tun 2024. Ɗana, ka sabunta kundinka.

Malamin Ayigya: Yarinya ta ce ba za ta bar Kumasi ba, kun kai ta har Jamus. 'Yata, waɗannan biyun ƙofofinsu daban. MBA na mai aiki ne, darussa da ɗan aikin bincike a ƙarshe, kuma galibi ana neman shekara 2 ta aiki bayan digiri. Ki tambayi ofishin ko suna ƙirga sabis, ki kuma samo wasiƙar aiki a takardar kamfani mai rajista. “Shagon babana ne” ba ya cike fom. MPhil shekara 2 ce, ta farko aji, ta biyu kundin bincike da kare shi gaban malamai, kuma sau da yawa ajin a ranakun aiki yake. In da gaske koyarwa kike so, MPhil ce hanyar digirin digirgir. Mai MBA yakan tarar sai ya koma ya ƙara shekarar bincike.

Mai Koko: Ni fa ban gane ba. Digiri na biyu a talla? A turo ta kasuwar Kejetia wata uku, matan tumatir su ba ta farfesa kyauta.

Kawun Aboabo: Ku bar wasa, kafin maganar MBA ko MPhil akwai wadda ta fi su. Wani yaro a layinmu ya yi shekara 2 yana zuwa ajin Asabar a wata kwaleji mai zaman kanta, tambarin wata jami'ar waje a bakin ƙofa, kuɗi da dala. A 2022 ya faɗa, lokacin da dala ta tashi daga kusan sidi 6 ta haura 14, kuɗin simista ya ninka a hannunsa, uwarsa ta sayar da fili. Ya gama, aka yi walima, hoton hular yana nan rataye a falonsu. Da ya kai takardar wurin aiki don ƙarin girma aka ce a tantance ta. Ashe kwalejin tana da izini, kwas ɗin ne ba shi da shi. GTEC, hukumar kula da manyan makarantu ta Ghana, izinin makaranta daban take bayarwa, na kowane kwas daban, kuma yana da ranar ƙarewa. Ki nemi sunan kwas ɗin harafi da harafi, da reshen da ake koyar da shi, da ranar. Wanda ya ce miki “muna kan sabuntawa”, ɗauki jakarki. Yaron nan har yau yana kan matakin albashinsa na da.

'Yar Asawase: Allah sarki. Amma Kawu, ni Tek na ce.

Kawun Aboabo: Ko ina ne a duba. Kuma ba a mayar wa yaron ko sisi ba, an ce ya sa hannu a fom.

Ɗan Landan: Laifin iyayensa ne da ba su tambaya ba.

Hajiya Mamobi: Kai da ka kawo farashi biyu duk tsofaffi, kai za ka ɗora wa mutane laifi?

Alhajin Tema: Ku ji daga bakin tasha. Abin da shagon tayil ke buƙata: ta san ko a sharaɗin ciniki na FOB ko na CIF, da zarar kaya sun hau jirgi hatsarin ya dawo kan mai saye, bambancin shi ne wa ya biya jirgi da inshora. Ta san kwastan a kan ƙimar CIF, wato kuɗin kaya da inshora da jirgi, suke lissafin haraji, kuma lambar HS ɗaya, lambar nau'in kaya, in ta kuskure a ICUMS, manhajar kwastan, kwantena ta zauna, kwanakin kyauta su ƙare, kuɗin jinkiri ya fara ci kullum. Masu sabon digiri sukan zo da zancen AfCFTA, yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, don hedikwatarta tana Ankara, su manta tayil ɗin Sin ba ya cin wannan rangwamen, sai kayan da takardar asali ta nuna na Afirka ne. Duk kwas ɗin da za ki yi, karɓi jerin darussansa ki ga ko akwai harkar jigilar kaya da biyan kuɗi ta takardar lamunin banki. In babu, suna kawai kika saya.

Malamin Ayigya: Alhaji, wannan a mako shida ake koyonsa. Digiri na biyu na mai karanta kasuwa ne kafin ya sa kuɗinsa, ba na mai fitar da kwantena ba.

Alhajin Tema: Malam, kwantena nawa allo ya taɓa fitarwa?

Mai Koko: A raba su, kar a fasa tayil.

Uwar Biyu: Tunda an taɓo MPhil, a faɗa mata gaskiya: shekara 2 ɗin a takarda take. Malami ɗaya da ɗalibai jingim, babi na uku ya kwana wata huɗu a teburinsa, mai duba kundi na waje shi ma ya riƙe nasa. Wa'adi ya wuce, ɗalibi ne zai biya kuɗin ƙarin shekara. Kafin ki zaɓi maudu'i, tambayi 'yan shekara ta biyu wane malami ke mayar da babi da jan biro a kai.

Kawun Aboabo: Ai har gara wannan da neman takardar sakamako. Ka biya, ka riƙe rasit, a ce mai sa hannu ya yi tafiya.

Hajiya Mamobi: Su kuma jami'o'in waje sai an aika musu kai tsaye daga makaranta, wa'adinsu ba ya jiran mai sa hannu.

'Yar Asawase: Na gode iyayena. To shekarar sabis ɗin, ana ƙirga ta ko ba a ƙirgawa?

Uwar Biyu: Kawu, a wasu wuraren sai ka bi fayil ɗin da ƙafarka daga tebur zuwa tebur.